Saka manhaja a kwamfutar ofis ba tare da izinin admin ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina aiki a wani ofis a Ikeja. Kwamfutar da aka ba ni mai Windows 11 ce, kuma in an tashi aiki nakan koyi Python a kanta. Duk abin da na zo sakawa sai ta nemi kalmar sirrin admin, ni ko ba ni da ita. Na gwada Chocolatey, wato manhajar da ke sauko da wasu manhajoji ta saka su, ya ƙi. Akwai mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Chocolatey a C:\ProgramData yake ajiye kayansa, wato ɗakin ajiya na gida duka, makullinsa kuwa yana hannun mai gida. Kai ɗan haya ne, ikonka ya tsaya a ƙofar ɗakinka, wato C:\Users sai sunanka. Saboda haka ka koma wa Scoop, wanda aikinsu ɗaya da Chocolatey, amma shi a cikin ɗakin naka yake sauke komai.

Buɗe PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows, yadda ka saba, siga ta 5.1 da ke zuwa da Windows ta isa. Ka rubuta wannan:

Set-ExecutionPolicy RemoteSigned -Scope CurrentUser

Sai wannan:

irm get.scoop.sh | iex

Ka duba haruffan nan sau biyu kafin ka danna Enter, domin layi na biyu rubutu yake ɗaukowa daga intanet ya gudanar da shi nan take. Harafi ɗaya ya kuskure, ka shiga gidan wani.

Daga nan sai scoop install git, sannan scoop install python. Ka fara da Git, don da shi Scoop yake sabunta jerin manhajojinsa. Dabarar da ke ciki ita ce wata 'yar jaka mai suna shims da yake ƙarawa a PATH (jerin jakunkunan da Windows ke dubawa in ka kira manhaja da sunanta) naka kai kaɗai, ba na kwamfutar duka ba. Shi ya sa in ka rubuta python tagar umarni ta san inda za ta je, Windows kuma ba ta ga dalilin neman kalmar sirri ba.

Abin da mutane ke mantawa: Scoop ba ya zubar da tsoho. Kowace sabuntawa sai ya bar tsohuwar siga a gefe, faifai ya yi ta cika. Lokaci-lokaci ka rubuta scoop cleanup * da scoop cache rm *. Shi kuwa scoop update *, mai sabunta duk manhajojin da ka saka, yana shan data, kada ka yi shi da hotspot ɗin wayarka a cikin danfo.

In layin farko, na Set-ExecutionPolicy, ya ce wata doka ta sama ta danne shi, to masu kula da kwamfutocin ofis sun kulle da Group Policy, wato tsarin da suke kafa wa kwamfutocin ofis dokoki da shi. A nan ban ba ka shawarar haura katanga ba, kayan mutane ne. Ka same su ka ce Git da Python kake so a jakarka kaɗai. Direbobin na'ura irin na firinta kuwa, ko da Scoop sai da admin.