Amsa: Wace fanka zan ƙara wa kwamfutar tebur?

Malam, ka ce kwamfutarka tana ɗaukar zafi har ta kashe kanta. Fara duba akwatin ka ga ko mazaunin fankar na milimita 120 ne ko 140. In babbar za ta zauna, ita za ka saya, don tana tura iska sosai ba tare da yawan ƙara ba. Nemi mai fil huɗu a bakin wayarta, wato PWM, mai rage gudu in zafi ya sauka. Fankar Arctic P14 PWM, mai milimita 140, ta wadatar.

Amma ka kula da ɗaurin. Fanka biyu a gaba su jawo iska ta ragar tace ƙura, ɗaya a baya ta fitar, ta haka ƙurar hunturu ba za ta kutsa ta kowace kafa ba. Ka riƙa kakkaɓe ragar nan.