Kamshaf ɗin da zai dace da motar Alhaji

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ture babban kamshaf ɗin nan gefe na ce ƙaramin za mu saka wa Camaro ɗin Alhaji, alhali shi mai motar ƙarfi yake nema, kuma a takardar kamfani babban ne aka rubuta wa doki mai yawa. Tambayar ta yi kyau. Ajiye sifanar hannunka ka matso, domin wanda ya gane aikin kamshaf ya gane yadda inji ke numfashi.

Ka riga ka san kamshaf ne ke buɗe bawul yana rufewa, kuma sai kiranshaf ya juya sau 2 kafin shi ya juya sau 1. Abu uku ake dubawa a jikinsa: tsawon lokacin da bawul ke zama a buɗe, zurfin da yake buɗewa, da tazarar da ke tsakanin tudun jikinsa da ke tura bawul ɗin shigar iska (tudun shiga) da wanda ke tura na fitar hayaƙi (tudun fita). Na farkon shi ne uban tafiya, a kansa zan fi daɗewa.

Ana ƙirga lokacin buɗewa da digirin juyawar kiranshaf. Sai dai kamfanoni kan rubuta lamba biyu, kuma babbar ta talla ce, kowane kamfani da inda yake fara ƙirga tasa. Wadda za ka riƙe ita ce wadda aka auna bayan tafet, ɗan ƙarfen da tudu ke turawa sama, ya ɗaga inci 0.050, wato milimita 1.27, domin a kanta ce aka yi ittifaƙi a Amurka, inda wannan inji ya fito. Duk biyun da ke gabanmu na Edelbrock ne, kuma dukkansu kayan kirki ne. Ƙaramin yana da digiri 204 a shiga, 214 a fita. Babban yana da 234 da 244. Bambancin digiri 30 kenan, kuma a harkar kamshaf wannan tazara ce mai nisa.

Ga abin da ke faruwa a cikin silinda. Fistin ya sauka yana zuƙar iska da fetur, ya kai ƙasa, ya fara dawowa sama, amma bawul ɗin shiga bai rufe ba tukuna. Da gangan ake yin haka. Iska tana da nauyi; idan inji na tsananin gudu, tana shigowa a guje, kuma ko da fistin ya juyo, ba ta fasa kutsawa ciki. To amma idan inji na tafiya a hankali, iskar ba ta da wannan karsashi, fistin sai ya tura ta baya ta koma manifol, bututun shigar iska, inda ta fito. Ƙaramin kamshaf yana rufe bawul digiri 29 bayan fistin ya bar ƙasa, babban kuwa sai 44. A juyi 6,000 a minti wannan jinkiri riba ne. A juyi 1,500 asara ce tsagwaronta, domin abin da ya kamata a matse a ƙone ya zube waje.

Yanzu ka tambayi kanka, a wane juyi motar Alhaji ke rayuwa? Mun ɗaga bayanta mun sa alli a taya, mun ƙirga juyawar furofela, giyar aksul ta fito 3.08. Giyabos otomatik ne mai giya 3. Idan ya hau titin Kano zuwa Zariya yana kilomita 100 a awa, allura ba za ta wuce wajen 2,500 ba. A cikin gari kuwa, tsakanin danja da shataletale, tsakanin 1,000 da 2,000 take kai da komo. Yaushe zai ga 6,000? Watakila na 'yan daƙiƙu ran Lahadi. Idan na saka masa babban, na ɗebe ƙarfi daga inda yake amfani da shi kullum na kai inda ba ya zuwa. Zai taka totur a danja motar ta yi masa nauyi, ɗan Corolla ya wuce shi, ya dawo nan ya ce mun ɓata masa inji, kuma da gaskiyarsa.

Akwai kuma maganar matsi. Injin 350 na Camaro irin ta Alhaji, na ƙarshen shekarun 1970, an rage masa kwamfireshan saboda dokokin hayaƙi da fetur marar dalma, bai wuce 8.5 ba. Wannan lamba lissafi ne na takarda, kamar a ce matsi yana farawa ne tun daga ƙasan silinda. A zahiri ba ya farawa sai bawul ya rufe. Saboda haka kamshaf mai jinkirin rufewa yana cinye wani ɓangare na matsin, shi ya sa babban ke buƙatar 9.5 ko fiye. Ka haɗa shi da 8.5, ka sa geji a ramin fulogi, za ka ga allura ta faɗi ƙasa da yadda take da kamshaf ɗin kamfani. Amma kada ka ɗauka ƙaramin kamshaf ba shi da nasa haɗarin. Idan matsi ya yi yawa, bawul kuma yana rufewa da wuri, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga fetur ɗin da ba kullum ake samun mai kyau ba, inji zai dinga ƙwanƙwasa har ya huda fistin. Daidai ruwa daidai tsaki, haka matsi da kamshaf suke.

Na san abin da ya ja hankalin Alhaji. Ya ga bidiyon motocin Amurka suna tsaye suna wannan kukan mai tsalle-tsalle, bugu ɗaya a nan ɗaya a can, jikin mota na rawa. Ni ma ina son jin sa, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka san daga ina yake fitowa? A ƙarshen fitar hayaƙi, lokacin da fistin ke sama, akwai ɗan lokacin da bawul biyu ke buɗe tare. A babban gudu hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska a bayansa. A sulo kuwa, wato inji na aiki ba a taka totur ba, hayaƙin komawa yake yi cikin manifol ya gurɓata abin da za a ƙona, wata silinda ta kama, wata ta yi rauni. Kukan nan alamar ƙonewa marar kyau ce. Duka kamshaf biyun tazarar tudunsu digiri 112 ce, amma a ma'aunin 0.050 bawul ɗin ƙaramin ba sa haɗuwa ko kaɗan, saura digiri 15 ma, na babban kuwa suna haɗuwa na digiri 15. Wanda aka matse tazararsa zuwa 108 ko 106 ya fi haka tsalle.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne birki. Bustar birki (servo), wannan baƙin tulun da ke bayan masta mai sauƙaƙa taka feda, da zuƙar manifol yake aiki. Lafiyayyen inji mai kamshaf ɗin kamfani yana ba da inci 18 zuwa 20 a gejin zuƙa. Babban kamshaf kan saukar da shi ƙasa sosai, kuma da ya yi ƙasa da wajen 14 sai feda ta fara tauri. Ka taka sau ɗaya ta kama, ka sake takawa a cunkoso ta zama kamar dutse. A titin da yara ke tsallakawa, masu adaidaita sahu na yanke gaba, ba zan sa hannuna a wannan ba saboda daɗin kuka.

Sai kwanbata ta giyabos, wadda ke maye gurbin kuloci a motar otomatik. Ta kamfani tana kamawa tun ƙasa da juyi 2,000. Injin da ba ya farkawa sai ya haura haka yana son wadda za ta sake shi ya kai 2,500 ko 3,000 kafin ta riƙe, da giyar aksul kamar 3.73. In ba haka ba, da ka sa giya zai yi tari ya mutu. Ka ga kuɗin ya tashi daga kamshaf ɗaya ya koma tof silinda, fistin, kwanbata, aksul, manifol da salansa.

Zurfin buɗewa ba shi da wuyar ganewa. Tudun ƙaramin yana ɗaga tafet inci 0.280, roka ta ninka sau 1.5, bawul ya buɗe 0.420. Babban yana kaiwa 0.488 a shiga, 0.510 a fita, kuma sifirin ɗin kamfani ba zai ɗauki wannan ba. Ko wanne ka saka, ka auna. Bawul ya buɗe iyakarsa, ka zura filagej tsakanin zoben sifirin, ka tabbata da sauran wajen milimita 1.5 kafin su haɗe. Ka shimfiɗa ƙullin roba irin na wasan yara a kan fistin, ka ɗaura tof silinda, ka juya inji da hannu sau 2, ka kwance, ka yanka ƙullin da reza ka auna kaurin inda bawul ya danna: kada ya gaza milimita 2 a shiga, 2.5 a fita.

Ka lura ma, matsalar nan ce ta sa Honda ta fito da VTEC a 1989: tudu ƙarami na ƙasa, tudu babba na sama, a sanda ɗaya, matsin mai yana sauya su. Injinmu tudu ɗaya gare shi, dole mu zaɓi ɓangare.

Ni na zaɓi 204 da 214. Zai ja tun daga sulo har wajen 5,500, birki zai zauna lafiya, kuma ƙarin digiri 10 na fita zai taimaki tsohuwar tof silindar nan da hanyar hayaƙinta ke da ƙunci. In wata rana Alhaji ya yarda aka ɗaga matsi aka canja kwanbata, sai mu hau zuwa wajen 220.

Gobe kai za ka ɗaura, ina tsaye. Tafet sababbi za ka saka duka 16. Tsohon tafet a kan sabon kamshaf yana cinye tudu cikin kwanaki. Ka shafe kowane tudu da man haɗi, ka zuba baƙin mai mai sinadarin zinki, domin irin wannan tafet mai shafaffen gindi gogayya yake yi, ba birgima ba. Kada ka yarda da ɗigon sarƙar taimin kaɗai, ka ɗaura faifan digiri ka tabbata tsakiyar tudun shiga ta faɗo a digiri 107 kamar yadda takarda ta ce. Ka cika kafireta da fetur, ka saita wuta tun kafin ka murza makulli, don ya tashi a bugun farko. Da ya tashi ka kai shi 2,000 zuwa 2,500, kana ɗan ɗagawa kana saukewa, minti 20 zuwa 30, ba sulo ko na minti ɗaya, saboda fantsamar mai daga kiranshaf ce ke jiƙa tudun. Idon ka a kan gejin zafi da na mai. In ka ga yoyo ko zafi ya hau, kashe shi gaba ɗaya, a gyara, a ci gaba daga inda aka tsaya. Bayan nan mu zubar da man, mu yanka filta mu duba ko akwai garin ƙarfe a ciki.