Allurar agogon inji tana tsalle a Fijo 504: me zan duba?

Tambaya: Malam, Fijo 504 ce na gada wurin mahaifina, da ita nake kai kaya kasuwar Gujungu daga Ringim. Kwanan nan allurar agogon juyin inji sai ta riƙa tsalle, daga 800 ta haura 3000 ta dawo. Wani mai wayarin ya ce a cire kan batir mota na aiki a gwada caji. Ina tsoron inji ne zai tafi.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka fara saurara da kunne. In allura na tsalle amma ƙarar inji ba ta canza ba, injinka lafiya lau. Agogon daga gefen kwayil (na'urar da ke ba fulogi wuta) mai alamar ragi yake ɗaukar saƙo, to ka bi wannan waya. Gargadar hanya takan sassauta ta, tsatsar damina kuma ta cinye bakin wayar da ta haɗa inji da bodi. A kankare, a ɗaure tamau. In kuwa inji na shaƙewa tare da allurar, a duba kwantak, wato makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa mai raba wa fulogi wuta, tazararsa milimita 0.4 ce, sannan kwandensa da lilon sandar distiributa.

Maganar cire kan batir kuwa, don Allah kada ka yarda. Kullum sai an kawo mini motar da aka yi wa wannan aika-aika, wai in ta mutu altaneta, na'urar da ke caja batir, ita ce ba ta caji. Wa ya koya musu? Batir shi ke shanye ambaliyar wuta. Da zarar an zare shi, wutar altaneta sai ta yi sama ba linzami, ta ƙone diyod, ta kashe regileta mai daidaita ƙarfin caji, ta dafa agogon da kake son gyarawa. Agogon 504 na asali kuma sai ka wuni a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba ka samu ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tartsatsi. Batir mai caji yana fitar da iska mai kama wuta, in ya fashe asid ne a idon yaron da aka sa ya riƙe sifana, ɗan mutane da aka ba ka amana ya koyi sana'a. Gwajin ma ƙarya yake yi, altaneta mai rauni tana iya riƙe inji.

Mitar awon wuta ce maganin. A ɗora ta kan batir inji na aiki, ya kamata ta nuna kusan bolt 14 ta tsaya cak. In tana lilo ko ta wuce 15, regileta za ka canza.