Amsa kan notin juye baƙin mai na Keke Napep da yake ɗiga bayan sabis

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Napep ɗinka da kake aiki da shi tsakanin Samaru da PZ a Zariya ya fara ɗigar da mai ta notin ƙasa tun da aka yi masa juye, makanike ya ƙara ɗaurewa bai daina ba, yanzu ana ba ka shawarar a naɗa farin tef na masu famfo ko a sa noti mai girma. Ka kuma tambayi ko notin maganaɗisu yana da amfani, da kuma bayan yaushe ya kamata a riƙa juyewa.

Don Allah kada ka bari a ƙara ɗaure notin nan. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyam ne, mai taushi. Duk ƙarfin da aka ƙara, haƙoran ramin ne suke shan wahala, kuma ranar da suka cinye noti zai riƙa juyawa ba ya kamawa. Abin da yake tare mai washa ce, wannan ƙaramin zoben da ke tsakanin kan noti da jikin inji. An yi ta ne don ta lotse sau ɗaya ta cike gurbin. Idan an sake amfani da ita sau uku sau huɗu ta riga ta baje ta taurare, ko wane ƙato ne ya ja sufana ba za ta riƙe ba. A mafi yawan ɗigar da ke biyo bayan sabis, ko dai tsohuwar washa aka mayar, ko ta faɗa cikin tasar mai ba a lura ba, ko kuma tsohuwar ta manne a jikin inji aka ɗora sabuwa a kanta suka zama biyu.

Notin juye ba iri ɗaya ba ne, sai ka duba wanda ke naka. Akwai noti zalla mai washar alminiyam ko ta jan ƙarfe. Ta alminiyam a canza ta duk juye, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ta jan ƙarfe idan an rasa sabuwa ana iya gasa ta a wuta har ta yi ja, a bar ta ta huce, taushinta zai dawo, amma idan ta yi tsagi ko ta baje a yar da ita. Akwai kuma babban murfi mai faɗi wanda a bayansa akwai sifirin da 'yar rariyar tace mai. Wannan ba washa gare shi ba, zoben roba ne, kuma ana yawan samun sa a kekunan ɗaukar kaya na China masu inji samfurin CG, inda kan murfin yake cin sufana 24, notin juyen kuma yawanci 17. Murfin nan shi kansa alminiyam ne, yana tsagewa idan an matsa masa. Lura da yadda rariyar da sifirin suka fito, don a mayar da su yadda suke. Idan an juya rariyar baibai mai ba zai tace daidai ba. A wanke ta da kananzir ko fetur, a duba ko ta yage.

Na maganaɗisu yana da amfani ƙwarai a irin waɗannan injuna, domin giya da kulochi suna wanka ne a cikin mai ɗaya da inji, garin ƙarfen da giya ke zubarwa yana yawo a ciki. Maganaɗisun yana kama shi. Idan ka cire ka ga baƙin laushi kamar kwalli a kansa, babu damuwa, goge ka mayar. Idan ka ga ɓarɓashi mai kaifi da kake ji a yatsa, to haƙorin giya ko boris ya fara ci, a buɗe a duba tun kafin ya watse. Amma ba ya kama alminiyam ko tagulla, saboda haka bai ɗauke maka duba man da ya zuba ba. Ni dai ban yarda da masu arha masu kalar ja da shuɗi da aka yi da alminiyam ba: suna karyewa a wuya, kuma wani lokaci da gam kawai aka liƙa maganaɗisun, zafi yana iya sakin sa cikin inji. Ka nemi na ƙarfe.

Idan za ka sayi sabon noti a Sabon Gari ko Tudun Wada, tafi da tsohon a hannu. Kauri ɗaya ba ya nufin haƙori ɗaya. Noti mai kaurin milimita 12 yana zuwa da tazarar haƙori 1.25, ko 1.5, ko 1.75, kuma na gama-gari da masu kayan gini ke sayarwa 1.75 ne, alhali notin juye yawanci mai ƙananan haƙora ne. Haɗa tsohon da sabon haƙori da haƙori ka ɗaga su ga haske. Idan ba su shige juna tsaf ba, ba naka ba ne. Tsawon ma ya zama ɗaya, domin dogon noti yana iya taɓo abin da ke ciki.

Tef da gam kuwa a bar su. Guntayensu suna tsinkewa su shiga ciki su toshe rariya, fanfon mai ya rasa abin ja, kan silinda ya bushe. Ka toshe ɗigo ɗaya ka jawo wa kanka sauke inji.

Idan an cire an ga haƙoran ramin sun riga sun cinye, alamar ita ce zaren alminiyam da zai fito manne a jikin notin, gyara biyu ne masu kyau. Ko a sa helikoyil, wato zaren ƙarfe da ake murɗawa cikin ramin don notin asali ya ci gaba da aiki, ko a yanka sabon haƙori zuwa milimita 14 idan akwai isasshen nama a wurin. Na fi son na farko. Kowanne aka zaɓa, mai yankan ya shafa giris a jikin abin yankan don ya kama garin, ya kuma tsayar da shi a miƙe, domin ramin da ya karkace washa ba za ta zauna a kansa ba har abada. Bayan haka a zuba ɗan mai ta sama noti a buɗe, ya wanko abin da ya saura. Walda da aradait a ramin juye ba gyara ba ne.

Kafin duk wannan, a wanke ƙasan injin a tabbatar daga notin ne. Mai yana gangarowa daga sil ko gasket ya taru a wuri mafi ƙasa, a yi ta zargin noti.

Shi juyen kansa, a tayar da inji kamar minti 5 ya yi ɗumi, a kashe, a tsayar da keken a wuri mai daidai. A goge ƙasar da ke kewaye da notin da murfin geji kafin a buɗe, musamman lokacin hunturu da jar ƙura ke lulluɓe komai. A yi amfani da sufana mai zobe ko soket, mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan noti. A bar man ya tsiyaye sosai. Dube shi a tasa: idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara ruwa ya shiga, abin da ake gani da damina bayan an kutsa cikin ambaliya, idan ya tsinke yana warin fetur, kafireto ce ke zubarwa. Wajen mayarwa a murɗa da yatsu har ya kai ƙarshe. Idan ya cije tun a zagaye na farko ko na biyu, ya hau karkace, a warware a sake. Sai a sa sufana, kusan kwatan zagaye bayan washa ta zauna. Ga wanda ke da sufanar awo, wadda ke nuna ƙarfin ɗauri da ma'aunin Nm, noti mai kaurin milimita 12 ba ya son wuce 20 zuwa 25 Nm, murfin rariya kuma wajen 15. Kada a zura bututu a sufana don ƙarin ƙarfi.

Mai kuma 20W-50 na babur, mai alamar 4T da JASO MA a jikin galan. Wasu mayukan ƙananan motoci suna da sinadarin rage gogayya da ke sa kulochi santsi, ka ji inji yana kuka keke ba ya ja da fasinja a hawan gadar Kwangila. Man awo da ake tsiyayowa daga jarka a gefen titi ba ka san me ke ciki ba, saya a rufe ka ɓalle hatimin da hannunka. Injin Bajaj RE da na TVS King, masu kusan cc 200, ba sa shan lita 2 cif, na CG kuwa lita ɗaya ne da ɗan ɗori. Zuba kaɗan-kaɗan, tayar minti ɗaya, kashe, jira minti biyu, sannan ka duba geji ya tsaya tsakanin alamu biyun. Wuce alamar sama yana sa kumfa, ya tura sil, ya jiƙa filtar iska. Idan naka yana da filtar mai ta takarda a canza ta yadda littafin keken ya ce, kuma masu keken kaya su tuna akwatin ribas da aksul na baya man giya suke sha, irin 85W-140 ko 90, kada a zuba shi a inji.

Lokacin juyewa a bi kilomita. Sabon inji ko wanda aka yi wa ringi, juyen farko kada ya wuce kilomita 500 zuwa 1,000. Bayan nan, ga keken haya mai tsaye-tsaye cikin zafi da ƙura, shawarata kilomita 2,000 zuwa 2,500, wato mai yin 100 a rana wajen mako uku. Idan mita ta mutu, rubuta ranar juye a cikin murfin akwatin gaba. Geji kuwa kowace safiya kafin fita.

Tsohon man a zuba shi a jarka a ba masu shafa wa katako don gara. Wanda aka tuttular a kwata ruwan sama yana kwashe shi zuwa kogin Kubanni, inda masu lambu ke ban ruwa. Washegarin sabis ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin ya kwana, da safe ka duba ko akwai ɗigo.