Amsa ga malamar da ta yi tambaya kan kuɗin binciken karatun yara masu buƙata ta musamman

Assalamu alaikum. Malama, kin ce kina koyarwa a wata firamare a gefen Gusau, akwai yara kurame a ajinki da wani yaro da karatu ba ya zama a kansa ko kaɗan, kina son sanin ko gwamnati na ware kuɗi don binciken yadda za a koyar da irin waɗannan yara, kuma ko malamar firamare za ta iya samu. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce miki babu, kada ki wahalar da kanki. Ban ga laifinsu ba, amma maganar ba haka take ba. Na daɗe ina koyar da kurame kafin na koma kwalejin ilimi, kuma na nemi irin wannan kuɗi na samu, shi ya sa zan ɗan tsawaita. Ki yi haƙuri da ni.

Kuɗin akwai, sai dai ƙofar da yake fitowa ba ta kallon ajinki. Babbar taskar kuɗin bincike a ƙasar nan ita ce TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohuwar ETF. Daga harajin ribar kamfanoni take samun kuɗinta. Da kashi 2 cikin 100 aka fara, a 2023 aka kai shi kashi 3. Manyan makarantun gwamnati kaɗai take ba, wato jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Tallafin bincikenta iri biyu ne. Akwai ƙarami wanda malami ke nema ta hannun makarantarsa, kwamitin bincike na makarantar ya duba ya tura Abuja; lokacin da na nema, naira miliyan 2 ce iyakarsa, kuma kashi-kashi ake sakinsa, sai ka kai rahoton aikin da ka yi a ba ka saura. Akwai kuma babba na ƙasa baki ɗaya, wanda ake gasa a kansa: a fara tura taƙaitaccen bayani, in ya tsallake a rubuta cikakke, sannan a je a kare shi gaban masana. Wannan sai babban malami da tawagarsa. A duka biyun, malamar firamare ba za ta nema da sunanta ita kaɗai ba.

Ɗaya kuɗin da mutane ke ruɗawa da wannan shi ne na UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce a ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, a cikinsa kuma ana cire kashi 2 cikin 100 don yara masu buƙata ta musamman, ya biyo ta SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta kowace jiha. Wannan na kayan aiki ne da gyaran aji da horar da malamai, ba na bincike ba. Duk da haka haƙƙin yaranki ne, ki rubuta buƙatarki ta hannun hedimasta zuwa sakataren ilimi, ki ajiye kwafi. Ki kafa hujja da dokar hana nuna wariya ga naƙasassu wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta ba su karatu kyauta har sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ƙwararren malami ɗaya da zai kula da su.

To yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan amsa. Mu da ke manyan makarantu muna da ƙofar kuɗi, ku da ke aji kuna da tambayar da ta cancanci a kashe wa kuɗi, kuma ba kasafai muke haɗuwa ba. Na karanta takardun neman tallafi masu yawa a wannan fanni, akasarinsu magana ɗaya suke maimaitawa: ra'ayin malamai game da naƙasassu, ra'ayin iyaye game da naƙasassu. A buga takardar tambayoyi da Turanci, a raba wa malaman cikin gari, a tattara, a zana jadawali, a rufe da cewa gwamnati ta ƙara kuɗi. An gama, an samu ƙarin girma, amma babu yaro ko ɗaya da ya koyi harafi saboda wannan aiki. Abin yana ci mini rai matuƙa, domin kuɗin kaɗan ne, kuma jiharmu ta Zamfara cike take da tambayoyin da in mu ba mu bi su ba, ba wanda zai zo daga nesa ya bi mana.

Ki ɗauki maganar gubar dalma. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi wa dubbai magani, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, Bagega sai a 2013 aka kai gare ta. Maganin yana rage dalmar da ke cikin jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Dalma na rage kaifin fahimta, tana hana yaro natsuwa wuri ɗaya, tana iya taɓa ji. Waɗanda suke goye a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata. Sun shiga aji ɗaya, an ce ba su ji, an ce daƙiƙai ne, wasu an yi ta dukansu har suka bar makarantar. Ɓangaren lafiya ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan jininsu, amma mu mutanen ilimi muna da bashi a wuyanmu: yaya karatunsu ya kasance, wace hanya ce ta fi shigar da su, a wane aji suka fi zubewa? Haƙar zinare kuwa ba a daina ba, don haka ƙannensu na nan tafe. Yaron da kika ce karatu ba ya zama a kansa, ban ce dalma ce ba, dalilai suna da yawa, daga tamowa zuwa farfaɗiya zuwa wahalar haihuwa. Amma ki tambayi mahaifiyarsa inda aka haife shi da sana'ar gidansu, musamman yanzu da rashin tsaro ya kwaso mutanen ƙauyuka da yawa zuwa Gusau.

Haka sanƙarau. Annobar 2017 a jiharmu ta faro kuma nan ta fi tsanani; a ƙasa baki ɗaya an lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,000 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga irin wannan sanƙarau, ɗaya na fita da tabo na dindindin, kuma kurumta na kan gaba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga ajinki. Yaron da aka haifa kurma daban yake da yaron da ya iya Hausa sarai, yana da shekara shida zazzaɓi ya kwantar da shi ya tashi ba ya ji. Na biyun yana da harshe a kansa, yana iya kallon leɓɓanki ya gane wani ɓangare na maganar, kuma in aka riƙe shi da wuri ba zai rasa maganarsa ba. A makarantunmu kan benci ɗaya muke zaunar da su, darasi ɗaya muke ba su. Abin da zan fara tambaya game da yaranki kurame ke nan: yaushe jin ya tafi?

Sai maganar da ta fi kusa da zuciyata, wato maganar hannu. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni, da ita suke ciniki a kasuwa, da ita suke hira a dandali, masu ji da yawa ma sun iya ta. Amma wadda ake koyarwa a makarantu tushenta Amurka ne; wani kurma Ba'amurke, Andrew Foster, shi ya kawo ta lokacin da ya buɗe makarantun kurame a Afirka ta Yamma wajen 1960, kuma da Turanci take tafiya. Kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo, wadda ta fi kowace yaye malaman wannan fanni, a kanta take horar da mutane. Sai ki ga yaro ya zo daga gida da alamun da yake magana da uwarsa, malami ya hana shi, ya ce na ƙauye ne. Ya koyi na makaranta, ya koma hutu, uwar ba ta gane shi. Lokacin da nake aji na riƙa barin yara su fara da alamar gida, in nuna musu ta makaranta a gefenta, sannan kalmar a allo, kuma na ga sun fi saurin kamawa. Amma abin da ido ya gani a aji ɗaya ba hujja ba ce da za a kai wa ma'aikata. Sai an gwada a azuzuwa da dama, an auna kafin a fara, an auna bayan zango biyu ko uku, an rubuta. Irin wannan aiki ƙaramin tallafin TETFund zai iya ɗaukarsa, domin abin da yake ci shi ne kuɗin mota da takarda da ɗan abin hasafi ga kurame manya da za su taya aikin. Su ɗin kuwa dole ne a sa su ciki, a biya su, don sun fi mu sanin harshen.

Abin da nake ba ki shawara, ƙanwata, ki fara tun kafin kuɗi. Ki sayi littafi mai kauri ki keɓe wa kowane yaro shafuka. Ki rubuta shekarunsa, lokacin da lalurar ta same shi, abin da ya iya yau, abin da kika gwada, da abin da ya biyo baya, da kwanan wata. Ranar da bai zo ba ki rubuta dalili. Kada ki sa sunansa na gaskiya, lamba ta isa, kuma ki nemi yardar iyaye tukuna, ki yi musu bayani da Hausa a gidansu. Bayan zango biyu, ki ɗauki littafin ki nufi sashen ilimi na ɗaya daga makarantun da ke kusa da ke: Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko kwalejin ilimi ta tarayya da ke nan Gusau, ko ta jiha da ke Maru. In kina son masu zurfi a fannin, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Malamin da ke neman abin da zai rubuta a kai, in ya ga bayanan wata da watanni a hannunki, shi zai riƙa nemanki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma ki yi sharaɗi tun farko, a rubuce. Na ga yadda aka yi wa wata malama: ita ta tara komai, ita ta shiga gidaje, da aikin ya fito ko a godiya ba a ambace ta ba, kuma ba wanda ya dawo ya gaya wa iyayen abin da aka gano. Ki ce a sa sunanki cikin masu binciken, a fayyace abin da za a kashe a makarantarku, kuma a ƙarshe a tara iyaye da malamai a karanta musu sakamako da Hausa. Iyayen naƙasassu sun gaji da baƙi masu zuwa da takarda da kyamara su tafi. Uwa ta taɓa ce mini, kullum ana ƙirga ɗanta amma ba a taɓa koya masa komai ba. In za ki shiga unguwa, ki bi ta mai unguwa, ki kuma gai da Sarkin Makafi ko shugabannin ƙungiyar kurame, sun san gidan da ake ɓoye yaro a ɗaki saboda kunya, wanda ba ya cikin rajistar kowa.

Wannan batu na ƙirga ma kansa abin bincike ne. Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006. UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, amma mai tsara kasafin jiha ba zai yi aiki da wannan adadi ba. Abin da yake buƙata shi ne yara nawa ne a mazaɓa kaza, wace lalura, nawa ke zuwa makaranta. Akwai jerin tambayoyi masu sauƙi da UNICEF ta fitar tare da masanan ƙididdiga a 2016, waɗanda ba sa tambayar uwa ko ɗanta naƙasasshe ne, sai dai ko yana wahalar gani, ko ji, ko tafiya, ko riƙe abin da aka koya masa. Uwa ta fi sakin jiki da irin wannan tambaya. Mazaɓa ɗaya tak in aka yi mata wannan aiki da kyau, an samu abin da za a ajiye gaban 'yan majalisar jiha lokacin kare kasafi.

Ba zan ɓoye miki wahalar ba. Kuɗin na jinkiri, tsadar kaya na cinye shi kafin ya iso, kuma akwai ƙauyukan da yanzu ba mai shigarsu da sunan bincike. Kada ki jefa kanki cikin haɗari. Yaran waɗancan ƙauyuka da yawa suna nan cikin gari tare da iyayensu, wasu ma suna ajinki. Kafin komai kuma, ki roƙi iyayen kuraman nan su kai su asibiti a duba kunnuwansu, don wani lokaci ruwan kunne ne da ya daɗe, kuma yana da magani. Ki dawo da su bencin gaba, ki daina magana kina fuskantar allo.

In kin fara littafin, ki turo mini shafukan farko ta akwatin saƙo, ba tare da sunayen yaran ba, in duba miki tsarin, in kuma haɗa ki da abokan aikina da na san za su riƙe amana. Allah Ya saka miki da alheri a kan yaran nan, Ya ba su ilimi mai amfani.