Tambaya Da Amsa: Inna Kullum Sai Ta Tambayi Baba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina aure a Tudun Wada nan Gombe, Innarmu tana wajena. Likita ya ce ciwon mantuwa ne kuma ba ya warkewa. Da yamma ta yi sai ta ɗau mayafi wai za ta tafi gida Dukku, kullum tana tambayar Baba alhali ya daɗe da rasuwa, in na ce ya rasu ta fashe da kuka kamar yau aka yi. Maƙwabta na cewa jifa ne ko iska, yayyena maza kuma daga turo kuɗi shikenan. Wallahi na gaji, har ɗaga mata murya nake wani lokacin. Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah Ya ba ki lada. Ba jifa ba ne, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa a hankali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi. Addu'a kam a ci gaba, amma kar ki bari masu cewa za su warkar da ita su cinye miki kuɗi.

Dan Allah ki daina faɗa mata Baba ya rasu. Ke kin sani, ita kuma duk sanda ta ji sabon mutuwa ne a wajenta. In ta tambaya ki ce "Inna kewarsa kike yi ko? Ba ni labarin bikinku", za ki ga ta saki jiki, don abin da ya daɗe shi ne ke jimawa bai goge ba. Rikicewar yamman nan ma sananniya ce a ciwon, ki kunna fitila tun kafin magariba, ki ba ta ɗan aiki a hannu kamar tsince wake, ki ɗinka lambar wayarki a jikin mayafinta ko da ta fice.

In kika ga ta rikice farat ɗaya fiye da kullum to kar ki ce ciwon ne, sau da yawa ciwon fitsari ne ko ƙarancin ruwa, musamman zafin Maris da Afrilu na garin nan, ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba ta. Sallah kuma kar ki takura mata, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami.

Yanzu yayyenki. Ayar Suratul Isra'i da ta hana cewa iyaye "uf" ba 'ya'ya mata kaɗai aka saukar wa ba, kuma mace ɗaya da ba ta barci dole wata rana muryarta ta ɗaga. Ki kira su, ki sa kawunku ko wata gwaggo da suke jin nauyi a zaman, a raba kwana, a ɗauko mai taimako da za su riƙa biya duk wata. Ki faɗa musu a fili kina buƙatar yini guda a sati ki kwanta ki yi barci, kar ki ji kunyar faɗa.