Kyamarar fim ta hannu da hoton infirared: wace zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Daura, da dijital nake aikin biki da suna. Na ga hotunan da ganyen bishiya ke fitowa fari fat, sama kuma baƙi ƙirin, aka ce min fim ɗin infirared ne, wato mai kama hasken da idon mutum ba ya gani. Ina son sayen tsohuwar kyamara mai babban fim. An yi min tallar Mamiya RB67 da Yashica Mat-124G, duka na hannu. Wace ta fi, kuma me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta faranta min rai, don mun daɗe muna ganin irin waɗannan kyamarori suna ruɓewa a akwatunan tsofaffin masu hoto.

Idan infirared ne ya ja ka, ɗauki Yashica. Dalilin yana wajen filta. Wannan hoto ba ya fitowa sai ka rufe idon kyamara da filta irin su Hoya R72, mai tare kusan duk hasken da ke ƙasa da nanomita 720, wato wanda idon mutum ke gani. Ka ɗaga ta sama ka leƙa, baƙa ce wuluk, sai dai rana ta ɗan yi ja a ciki. RB67 ta ido ɗaya kake leƙawa kuma ta nan take ɗauka, don haka kana ɗaura filta ka makance. Sai ka cire, ka saita, ka mayar, kowane hoto haka. Yashica kuwa ido biyu gare ta, na sama na leƙe, na ƙasa na ɗauka. Filta na ƙasa, kai kana kallon abinka tas. Sai dai bakin idonta ba mai zare ba ne, irin wanda ake kira Bay 1 ne, dole ka nemo zoben da zai haɗa shi da filtar. Da za ka dace da Mamiya C330, ita ma mai ido biyu ce, ana canza mata ido, ni ita zan fifita.

RB67 ba ta da laifi. Tun 1970 ake aiki da ita a ɗakunan hoto, ba ta son batir, dodon hotonta santimita 6x7 ne, guda 10 a nadin babban fim ɗin da ake kira 120, Yashica kuma 6x6 guda 12. Amma nauyin RB67 ya haura kilo 2, kafin ka kai bakin gona wuyanka ya gaya maka.

Wajen dubawa kada ka ji kunyar mai kaya. Buɗe bayanta, ka haska tocila ta cikin idon. 'Yar ƙura ba komai ba ce, duk kyamarar da ta sha hunturun Katsina tana da ita. Abin gudu shi ne fumfuna, farin zare-zare kamar saƙar gizo, da hazo a tsakanin gilasai. Sannan ka sa ƙyauren hasken a kan daƙiƙa 1, ka latsa, ka kasa kunne. Ya kamata ka ji ƙara siririya a jere, ya rufe da kansa. In ya tsaya a hanya ko yana jan ƙafa, man ciki ya daskare. Wannan ya fi damunka a kan kowa, domin a ƙananan gudun nan za ka riƙa aiki. Shafa soson da ke gefen ƙofa. In ya manne maka a yatsa kamar kwalta, haske zai shiga, amma gyaransa mai sauƙi ne, ka nemi ragi kawai. RB67 tana da zugazugi, shiga da ita ɗaki mai duhu ka kunna tocila a ciki ka nemi huda. Ma'aunin hasken Yashica kada ya ɗaga maka hankali, batirin makuri mai bolt 1.35 da aka yi shi dominsa an daina yi, manhajar waya ta wadatar.

Fim ɗin da tsofaffi ke yabo ya ƙare: Kodak ta daina HIE a 2007, Efke IR820 ya bi shi a 2012. Abin da ake samu a girman 120 shi ne Rollei Infrared 400 da Ilford SFX 200, kuma Rollei ya fi farar da ganye. Odarsa za ka yi, ka adana a firji, ka bari ya huce kafin ka ɓare, ka sa shi a kyamara cikin inuwa. Lambar 400 ɗin kada ta ruɗe ka, da R72 ka ɗauki ƙarfin jin haskensa kamar ISO 6 zuwa 12. A tsakar rana buɗewar ido wajen f/11 ne, ƙyauren haske kuma 1/8 ko 1/15 na daƙiƙa, ka ɗauki uku kana sauyawa. Sai da mariƙi mai ƙafa uku ke nan, dokin hawan sallah kuwa ka bar wa dijital. Infirared yana taruwa ɗan nesa da inda hasken gani ke taruwa, shi ya sa wasu idanun kyamara ke da jan ɗigo na gyara saiti. F/11 yana rufe yawancin wannan bambanci.

Farin ganyen nan, da ake jingina wa masanin kimiyya Robert Wood saboda hotunan da ya wallafa a 1910, daga ɗanyen ganye yake, mai mayar da infirared kamar madubi. Don haka lokacinka damina ne, Yuli zuwa Satumba, washegarin ruwa, sama ta wanke, gero ya rufe gona. Da rani ma ba ka rasa ba: bedi ba ya rabuwa da ganye, gawo kuma a lokacin yake yin nasa. Ranar da hazon hunturu ya sauka ka haƙura, sama ba za ta yi baƙi ba. Ka tsaya rana na bayanka, ka haɗa katangar ƙasa da bishiya da gajimare, irin yadda za ka samu Hasumiyar Gobarau daga ɗan nesa.

Wankin fim a gida ake yinsa da sinadarin D-76 ko Rodinal, ruwa a kan digiri 20. Ruwan famfonmu da bazara ya wuce haka nesa, sai ka sanyaya da ƙanƙara kana aunawa. Nadin farko ka sa fim na gama-gari, irin Ilford FP4, ka wanke ka ɗaga dodon a haske ka ga ko tazarar hotunan daidai take kuma gefensu bai ƙone ba. In mai kayan ya yarda, ka cika masa kuɗinsa bayan ka ga wannan dodon.